Abin da Auta Ta Faɗa a Gaban Fitila

Littattafan Auta sun shekara a bayan ƙofar ɗakinta, katan bisa katan, har kyankyasai sun fi mutane saninsu. Ita ta rubuta, ita ta kai maɗaba'a, ita ta kwaso su a motar haya tana ta washe baki kamar wadda aka sallama daga asibiti da jariri. Ba wanda ya gaya mata cewa rubutun shi ne mai sauƙin. Ta zaga shagunan littattafai har dugadugan takalminta suka cinye. Wani mai shago ya karɓi 'yan kwafi don kunya, ya tura su ƙarƙashin kanta kusa da tsintsiya. Abokan aikinta a ɗakin gwajin jini kuwa kowa kyauta yake so, a sa masa hannu a shafin farko, ya kai gida ya ɗora kofin shayi a kai.

Littafin labarin wata budurwa ne da hankalinta ya taɓu, aka ɗaure ta a ɗakin baya wata da watanni, daga baya ta samu magani ta warke sarai. Mutum biyu kaɗai suka rage a duniya da suka san ba ƙirƙira ba ce zalla: Auta da yayarta. Abin ya faru tun suna wani gari, iyayensu kuma sun rasu. Yanzu Yaya renon yara take yi a falonta, mata masu zuwa aiki su ajiye da safe su ɗauka da yamma. Da shi take ci, da shi take sha, kuma sana'a ce da ba ta da wani jari sai yarda.

Kafin a buga littafin Yaya ta karanta, ta sha kukanta, sannan ta ce, "Buga abinki, Auta, ya yi kyau. Amma labari ne, kin ji ko? Kada ki bari kowa ya san ni ce. Babu uwar da za ta miƙa ɗanta ga matar da aka taɓa ɗaurewa."

Auta ta rantse, kuma da zuciya ɗaya ta rantse.

Wata ƙawarta ce ta haɗa ta da Mai Fitila. Ɗan ɗakinsa yana saman wani shagon gyaran waya, ba komai a ciki sai kujera mai juyawa, labule baƙi, da wata zagayayyiyar fitila mai kashe ido, wadda ita ta jawo masa sunan. Aikinsa tallata kayan mutane a intanet: yau turare, gobe maganin ƙiba. Ya juya littafin gaba da baya, bai ko buɗe ba.

"Malama, bari in faɗa miki gaskiya. Yanzu ba a sayen littafi, mutum ake saye. Zauna nan, kalli wayar, ki ba mu labari."

Ta zauna ta fara bayanin jarumar littafin, da jigonsa, da shekarun da ta ɗauka tana rubutu. Ya yi hamma har da hawaye. Aka sake ɗauka, aka kuma sakewa, gumi ya jiƙa mata wuya.

"Haba Malama, kamar mai karanta labaran rediyo! Wa ya damu da budurwar da babu ita? Ke ba ki san wani da ya yi irin wannan ciwon ba?"

Ta yi shiru, shirun kuma ya ɗan yi tsawo. Irin su Mai Fitila da shirun mutane suke cin abinci. Nan da nan ya kashe murya, ya jawo kujerarsa kusa.

"Ba sai kin kama suna ba. Mutane nawa ne a duniya? Wa zai sani?"

"Yayata ce," in ji Auta.

Daga nan bakin ya ɓalle. Ta faɗi igiyar, ta faɗi ɗakin bayan, ta faɗi yadda take tura kwanon abinci ta ƙarƙashin ƙofa tana 'yar ƙarama. Ta yi kuka na gaske. Ta kuma faɗi likitan da ya gano ciwon, da yadda Yaya ta warke ta zama mace mafi haƙuri da ta taɓa sani, wadda yaran unguwa ke barci a cinyarta.

Kwana biyu bayan haka ya nuna mata abin da ya haɗa. Igiyar tana nan, ɗakin bayan yana nan, hawayen ma har an matso da su kusa, an sa wani kiɗa mai karya zuciya a ƙasa. Likita da warkewa kuwa ya datse su.

"Ina sauran?"

"Sauran yana cikin littafi. In kin ba su ƙarshen kyauta, me za su saya? In sa, ko in bari?"

A nan ne fa ba za a ɗora wa Mai Fitila komai ba, domin ya tambaya. Auta ta tuna katan-katan ɗin da take tuntuɓe da su kullum da safe. Ta gaya wa kanta cewa intanet wata duniya ce mai nisa, cike da baƙin da ba su san ta ba. Ta manta cewa masu fara ganin abin da ka sa su ne masu lambar wayarka, kuma duk unguwa an san yayarta ɗaya ce tilo.

"Sa," ta ce.

Bidiyon ya karaɗe ko'ina. Wayarta ta dinga ƙara har tana zafi. Allah sarki, in ji wannan. Kin sa ni kuka, in ji waccan. Wata ta tambayi inda ta sayi mayafinta. Masu neman littafin kuwa ba su cika tafin hannu ba, cikinsu ma har da mai son a turo masa ta waya kyauta. Auta ta yi ta jiran kiran Yaya. Yaya ba ta kira ba, wannan kuma ya fi zagi ciwo.

Ranar da ta kasa daurewa ta tashi daga aiki da wuri, ta nufi gidan. Tun daga ƙofa ta sha jinin jikinta, domin gidan da ba a jin sallama saboda ihun yara ya yi tsit. An jera ƙananan kujerun roba a kusurwa, ɗaya cikin ɗaya. Yaya tana zaune a kan tabarma tana taje wa wata 'yar yarinya kai, ita kaɗai ta rage cikin yaran.

"Sannu da zuwa, Auta. Ya aiki?"

Kafin Auta ta haɗa amsa aka yi sallama. Uwar yarinyar ce, ma'aikaciyar banki, da makullin mota a hannu. Ta gaida Yaya tana kallon bango, ta ce dama ƙanwar mijinta ta zo za ta zauna da su, to daga gobe ba sai an kawo yarinyar ba, a haɗo mata da kofinta da tawul. Sai idonta ya faɗa kan Auta, fuskarta ta washe.

"Lah, ke ce ta bidiyon nan! Wallahi kin sa ni kuka a ofis."

Auta ta zaro kwafi ɗaya daga jaka. "Don Allah ki karanta. Ta warke fa. Tun da daɗewa ta warke, yana nan a ciki."

"Ayya, ina na ga lokacin karatu? Amma kada ki damu, na tura wa kowa da kowa."

Yaya ta ƙarasa tajewar ba gaggawa, ta sa wa yarinyar takalmi, ta haɗa kofin da tawul a leda. Yarinyar ta maƙale mata a wuya sai da uwar ta ɓamɓare ta. Suna jin kukanta har motar ta bar layin.

Auta ta durƙusa a bakin tabarmar. Don kunya da baƙin ciki, ta gwammace a mare ta.

"Yaya, ki yi magana. Ki zage ni, ki yi min faɗa, don Allah."

Yaya tana cire gashin da ya maƙale a matajin, a hankali, ba ta ɗago ba.

"Faɗa kuma, Auta? Yi ƙasa da murya, maƙwabta na ji. Ni yanzu ko tsawa na yi wa kaza, cewa za a yi ciwon ne ya tashi."