Jinin Yaran Tsallaken Gada

A bayan idonsa ma'aikatan sashensa a jami'a suna kiransa Farfesa Yanzu-yanzu. Ya sani, har yana ɗan jin daɗin sunan. Mutum ne da bai iya jira ba. Ko shayi aka zuba masa, da zafinsa yake kurɓa yana tsaki, matarsa tana cewa, "Wai biyo ka aka yi ne?" Abin da ya fi tsana a duniya kuwa shi ne kwamiti. A ganinsa kwamiti wuri ne da waɗanda ba sa bincike ke taruwa su hana masu bincike aiki.

Wata ƙungiya ce ta ba jami'ar tallafi da sunansa, don a auna gubar dalma a jinin yaran da ke zaune kusa da masu narka tsofaffin batura. Sharaɗin a fili yake. Kwamitin da ke kare haƙƙin mutanen da ake bincike a kansu ya amince da unguwa ɗaya, ta bayan tasha, kuma duk wani ƙari sai an koma gabansa an nemi izini tukun. Farfesa ya sa hannu a kan haka a tsaye, waya maƙale a kunnensa.

Wadda ta ɗauki aikin a ka ita ce ɗalibarsa mai neman digirin dokta. Aikin koyarwa ta ajiye ta zo, tallafin nan ne ke riƙe da karatunta, ranar da ya ƙare nata ma ya ƙare. Ba ta da yawan magana, amma ta iya da yara. Yaro zai shigo yana tsala ihu, ya fita da auduga a dantse yana tsotsar alawa. Matan unguwa suna ce mata Anti Likita, duk da ta gaji da faɗa musu ita ba likita ba ce.

Wata rana ta same shi a ofis, yana haɗa takardu zai shiga aji.

"Farfesa, masu narka batur sun koma tsallaken gada da iyalansu. Yaran da suka rage a bayan tasha ba za su ishe mu ba. Matan can ma sun aiko, wai a zo a duba nasu."

"To me kike jira?"

"Izinin kwamiti. Unguwar ba ta cikin abin da aka amince mana."

"'Yata, kwamitin nan sai ƙarshen zango zai zauna, in ma ya zauna. Ki fara kawai. Zan rubuta musu, takarda ta biyo mu a baya. Haka muke yi tun ba a haife ki ba."

"In suka ƙi fa?"

"Wa zai ƙi a duba jinin yara? Ni ne shugaban aikin. In wani abu ya taso, a kaina yake."

Ya yi niyyar rubutawa, wannan kam ba ƙarya ba ne. Sai taro ya taso, sai tafiya, sai jarrabawa. Da ya tuna kuma, watanni sun shuɗe, ya ga in ya rubuta yanzu ya tona wa kansa asiri. Sai ya bar maganar, ya ce sakamako mai kyau zai rufe bakin kowa.

Ita kuwa ta kwashe damina guda tana tsallaka gadar nan da kula mai ƙanƙara a hannu. Gida gida take shiga, ta zauna a tabarma ta yi bayani, ta ɗebi jini, ta yi wa kowace uwa alkawarin za ta dawo mata da sakamako. Kwalaben jinin suka taru a firizar ɗakin gwaji suna jiran sinadarin injin awo, wanda aka yi oda bai iso ba.

Ba wanda ya kai ƙararsa. Shi da bakinsa ya faɗa. Ranar da wakilan ƙungiyar suka zo duba aiki, ya miƙe ya haska musu hoton tsallaken gada a bango, yana alfaharin ya faɗaɗa binciken ba tare da ya ƙara musu nauyi ba. Wata ma'aikaciyar ofishin bincike na jami'ar, wadda shi ya koyar da ita a aji ɗaya, ta sunkuyar da kai.

Hukuncin bai ɓata lokaci ba, kwamitin da yake cewa ba ya zama ya zauna a makon. Jinin da aka ɗiba ba da izini ba, ba za a auna shi ba, ba za a rubuta komai a kansa ba, ƙona shi za a yi. Asibiti zai aika ma'aikatansa su duba yaran daga baya. Tallafin kuma ba za a tsawaita shi ba.

Ya yi faɗa, ya buga tebur, daga ƙarshe ya koma roƙo, abin da bai taɓa yi wa kowa ba a jami'ar nan.

"Ni na yi laifin," ya ce wa ma'aikaciyar ofishin binciken. "Ku hukunta ni, ku bar mata aikinta."

"Ranka ya daɗe, kai ma an rubuta maka gargaɗi. Amma iyayen nan sun yarda ne don sun ɗauka akwai masu tsare musu haƙƙi a bayanku. Babu. Wannan ba a gyara shi daga baya."

Gargaɗin ya shiga fayil. Ofishinsa na nan, kujerarsa na nan, masinja na ci gaba da kawo masa shayi. Wannan ne ya fi ci masa rai, don ya ce a kansa yake, ga shi kansa ko ƙwarzane babu.

Da hantsi aka kai kwalaben wurin ƙona shara na bayan asibiti. Doka ta ce shugaban aiki ya tsaya shaida, don haka ya tsaya, hannuwa a baya. Ɗalibar ce ta ɗauko kular da kanta, ta ƙi bari a taya ta. Lamba ce kawai a jikin kowace kwalba, amma ya lura leɓenta na motsi kafin ta miƙa wa mai ƙonawa. Sunayen yaran take kira. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Da aka gama ta wanke hannu a famfo, ta rataya jakarta.

"'Yata, zan nemo wani tallafin. Mu sake daga farko, yadda ya kamata."

"An kira ni a makarantar da na bari, Farfesa. Sun ce in koma farkon zango."

"Yanzu ina za ki?"

"Tsallaken gada. Suna jiran sakamako, dole wani ya faɗa musu."

Ya lalubo mukullin mota da sauri. "Mu je in kai ki. Ni zan yi musu bayani."

Ta dube shi, babu fushi a fuskarta, wanda da akwai ma da ya fi masa sauƙi.

"Ba su san ka ba, Farfesa. Ni suka miƙa wa 'ya'yansu."

Ta fita ta ƙaramar ƙofa ta tsayar da mota a bakin titi.