Gyaran Wata Uku

Layukan waya dubu tara da ɗari biyu da sha huɗu suka shiga kwamfutar, dubu tara da ɗari da saba'in da uku suka fito. Sauran arba'in da ɗaya sun yi ɓatan dabo. Injiniya ta sake danna maɓallin, ta zuba wa allon ido kamar kwamfuta za ta ji kunyarta ta canza magana. Ba ta canza ba.

A baki aikin ba wuya, shi ya sa Oga, wanda da baki yake yin nasa, bai ga abin da ya riƙe ta kwana huɗu ba. Ranar Juma'a kamfanin zai kwashe tsofaffin wayoyin gida masu igiya ya mayar da su kan sabon tsari. A rumbun bayanai akwai tebur biyu: ɗaya na lambobin masu waya, ɗaya na farkon lambobi, wato alƙaluma biyu ko uku na gaba da ke nuna unguwar da layi yake. Nata aikin shi ne ta haɗa teburan, kowace lamba ta sami unguwarta. Wadda ba ta samu ba, sabon tsarin bai san da zamanta ba, yanke ta za a yi.

Ran Litinin yawa ne ya dame ta. Lambar da ta fara da 462 sai ta amsa ta unguwar 46 ce, ta kuma amsa ta unguwar 462 ce, ta fito sau biyu kamar yaro mai cin abinci gida biyu. Injiniya ta cusa ƙaramar tambaya cikin babbar da take yi wa kwamfutar, ta ce kowace lamba ta ɗauki farkon da ya fi tsawo ta bar sauran. Tagwayen suka ɓace, har ta yi wa kanta kirari a zuci. Da ta ƙirga kuma sai ta ga ashe tagwayen ne suka rufe mata giɓi.

Dogo, mai teburin kusa da nata, ya leƙo da kofin shayi a hannu ya ce shara ce, tsohon rumbu ba ya rasa shara. Oga ya goyi bayansa, ya ce arba'in da ɗaya cikin dubu tara ai ba abin ta da jijiyar wuya ba ne. Ita dai ranta bai kwanta ba. Ran Alhamis da hantsi ta sauya haɗin, ta ce a nuno mata har waɗanda ba su sami abokin haɗi ba. Suka jero a allo. Dukansu alƙaluma biyar ne, alhali kowace lamba a garin shida ce, kuma kowaccensu da 73 ta fara. Tana bin su da yatsa, ta kai kan ta goma sha bakwai, sai ta tsaya ta sake karantawa.

Bakwai, uku, ɗaya, ɗaya, takwas.

Tun kafin ta iya rubuta sunanta ta haddace wannan lambar. Babanta ne ya koya mata da waƙa, yana tafa mata a cinya, wai ko da za ta ɓata a kasuwa. Mai-waya duk unguwa ke kiransa. Shekara talatin da huɗu ya yi a kamfanin nan, ya fara da hawan turakun waya, ya ƙare a babbar tashar da layukan gari suke haɗuwa. Ran Asabar yakan tafi da ita, ya ɗora ta kan wata doguwar kujera tsakanin jerin injuna masu ƙas-ƙas-ƙas, ya ce ta saurara, gari ne ke hira. Har gobe in ta ji warin darma mai zafi, rigarsa mai ruwan toka take gani. Tana firamare aka ƙara wa lambobin gari alƙalami ɗaya a gaba, tasu ta koma 473118, kuma ita take bugawa kullum da safe. Ta manta ma an taɓa yin mai biyar.

Kullum da safen nan kuwa ba al'ada ce kawai ba. Shekara uku ke nan da mantuwa ta kama tsohon. Fuskoki suka fara tafiya, sunaye suka bi baya. Yayarta da ke kula da shi, wani lokaci ma'aikaciyar asibiti yake ɗaukarta. Ita Injiniya in ta je, gaisuwar baƙo yake yi mata, cikin ladabi, abin da ya fi zagi ciwo. An saya masa wayar hannu, ya jujjuya ta ya ajiye a kan kofi don kada ƙuda ya faɗa. Amma da baƙar wayar falo ta yi ƙara, ya ɗora kanta a kunne ya ji muryarta, sai ya ce, "Auta." Nan kaɗai ya rage mata a duniya da ubanta yake saninta, kuma gobe da rana za a yanke.

Ta je ta sami Oga. Bai hana ta ba, bai kuma ba ta ba. Ya ce ba zai shigar da lambar da ba wanda ya san inda igiyarta ta bi ba, sabon tsari ba ya cin tsammani. In ta kawo dalili kafin a tashi aiki, to. In ba ta kawo ba, ta saya wa tsoho wayar hannu kamar kowa. Ta kira ɗakin ajiyar takardu, aka ce tsofaffin littattafan tasha ruwa ya ci su tun shekarar da rufi ya yi yoyo. Ta nemi tsofaffin ma'aikata, ta tarar biyu sun rasu, na uku ba ya ji. Da azahar ta ɗauki jakarta.

Gidan yana kan tudu, bayan tsohuwar makaranta. Turken waya na nan a ƙofa, ya ɗan karkata, da ƙusoshin hawa da suka yi tsatsa. Yaya ta buɗe mata tana tsiya, wai yau wace rana ce manyan ma'aikata suka tuna da talakawa. Baba na zaune a falo kusa da wayar, hula a gwiwa. Ya miƙe da ƙyar ya yi mata sannu da zuwa, ya tambaye ta ko layinta ne ya lalace. Ta durƙusa ta nuna masa takardar da ta rubuto lambobin arba'in da ɗayan a kai. Ya riƙe ta a juye, ya duba, ya mayar mata, ya ce ta dawo ran Litinin, masu gyara sun fita.

Ta fito tsakar gida ta tsaya kusa da igiyar shanya, hawaye na neman kunyata ta a gaban Yaya. Yaya ta dube ta, ta dubi jakar hannunta.

"Ke da iliminki," in ji ta. "Ba ga waya nan a jakarki ba?"

Ta ciro wayarta ta buga lambar gidan, tana hango shi ta taga. Wayar falo ta yi ƙara, ya bari ta yi sau biyu kamar yadda ya saba, don a wurinsa mai ɗauka a ƙarar farko ba shi da aikin yi. Ya ɗauka, ya gyara zama, kafaɗunsa suka miƙe.

"Auta. Yau kin makara."

"Na makara, Baba. Aiki ne ya sha mini kai. Masu saba'in da uku nake nema, na rasa unguwarsu."

Ya yi dariya, irin wadda ta rabu da ji tun kafin rasuwar mahaifiyarsu. Ya ce ina za ta same su, ai ba sa cikin tebur, a hannunsa suke. Daga nan bayani ya zubo tiryan-tiryan, ko gargada babu. Shekarar da aka ƙara alƙalami, ƙaramin injin da ke akwatin kan tudu tsoho ne, ba ya iya ƙirga shida. An yi alkawarin sabo nan da wata uku. Shi kuwa ba zai bar gidaje arba'in da ɗaya babu waya ba, ga ungozoma a ciki, ga mai ciwon zuciya a gida na huɗu. Sai ya ɗaura a babbar tasha cewa duk kiran da ya fara da 473, a haɗiye huɗun, a miƙa wa tudu biyar ɗin da ya sani. Mutane suna buga shida, injin yana jin biyar, kowa ya zauna lafiya.

"Kuma ba ka shigar a tebur ba, Baba?"

"A shigar da abin wata uku? Na dai rubuta a littafi, da jan biro." Ya shafa hular da ke gwiwarsa. "Sabon injin ya iso ne?"

Ta dube shi ta taga, tsoho da hula a gwiwa, yana jiran kayan da aka yi masa alkawari shekara talatin da suka wuce. Ta ce yana hanya.

Ƙarfe uku ta koma ofis. Gaggawa ta sa ta ce kai tsaye duk lambar da ta fara da 73 ta kan tudu ce, sai ga layuka ɗari shida na wata sabuwar unguwa, masu alƙaluma shida da su ma suka fara da 73, sun tattaro sun hau tudu. Dogo ya ce ta yi wa mutane ƙaura ba motar kaya. Ta goge, ta nutsu. Ta rubuta sharaɗi tun kafin haɗin: in lamba biyar ce kuma ta fara da 73, a mayar mata da huɗunta a gaba, sannan ta shiga layi a nemo mata farkon da ya fi tsawo. Ta ƙara 473 a tebur, ta rubuta kan tudu a gabansa. Ta danna. Dubu tara da ɗari biyu da sha huɗu suka shiga, dubu tara da ɗari biyu da sha huɗu suka fito, ba tagwaye, ba giɓi.

Oga ya karanta yana yamutsa fuska. Ya ce wannan faci ne, ba gyara ba, kuma shi ba ya son faci a sabon tsari. Ya tambayi wa ya ba ta bayanin, ta ce wanda ya ɗaura layin da hannunsa. Ya juya biro a yatsunsa, can ya ce to a bar shi, amma na wucin gadi, nan da wata uku za a tsabtace teburin gaba ɗaya. Ta ce to, ranka ya daɗe, ta yi sauri ta fita kada dariya ta ƙwace mata a gabansa. A saman sharaɗin ta bar wa na baya rubutu, ta bayyana tudu da tsohon injin da huɗun da ake haɗiyewa. Tana gamawa ta tuna Baba ma ya rubuta, har da jan biro.

An yi ƙaurar ran Juma'a da rana. Ran Asabar da safe ta zauna a bakin gado da waya a hannu, ta daɗe ba ta buga ba. Tsoro take ji, tsoro sosai. Sabon tsari ba ya shuuu ɗin nan da tsohon layi yake yi a bayan murya, kuma ba ta sani ba ko muryarta yake ganewa ko shuuu ɗin. Ta buga. Ƙara ɗaya. Ƙara biyu. Aka ɗauka, aka yi shiru, tana jin numfashinsa tas kamar yana gefenta.

"Baba, ina kwana?"

Ta ji ya ƙwanƙwasa kan wayar da farce, sau biyu, yadda yake yi in yana gwada layi.

"Auta," ya ce, murya a ɗaure. "Wani ya taɓa mini layi."

"Ni ce, Baba."

"Ke?" Ya sake ƙwanƙwasawa, ya saurara. "To, ba laifi. Hannunki da tsabta. Amma ki rubuta a littafi."