Baba da Injin Kumbo

Wata uku ke nan da likita ya hana Baba shiga ƙarƙashin mota, kuma tun ranar bakinsa ya mutu. Mutumin da ya shekara arba'in yana faɗa da injuna da masu su, yanzu sai kujera da kallon bango. Abin ya tsaya wa Auta, ƙaramar 'yarsa, a rai. Shi ya sa ranar Asabar da la'asar ta jawo kujerarsa gaban teburin falo, inda ita da yayanta da Tela maƙwabcinsu suke wasan labari.

Wasan ba wuya. Auta ce mai ba da labari, sauran kowa ya zama mutum ɗaya a ciki, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan lido ya raba gardama. Wannan karon littafi ta samo, bugagge mai hotuna, na wani kumbo da ke yawo tsakanin taurari da ƙarfin tsafi. Sati biyu ta yi tana yi masa kwaskwarima. Ta soke wata sarauniya mai surutu, ta rage dodanni daga tara zuwa uku saboda Tela matsoraci ne ko a kan takarda, ta ƙirƙiro wa Baba aikin makanikin jirgi. Abu ɗaya ta bari yadda marubucin ya tsara: a shafi na sha biyu injin zai mutu, dole a je a sato sabo a wurin 'yan fashi. Sauran shafi sittin duk a kan satar nan suka rataya.

Rabin awa ana wasa Baba bai ce uffan ba, har Auta ta fara karaya. Ta dai daure ta karanta: "Fitilu suka ɗauke. Injin ya mutu."

"Yawwa, a je a sato wani!" in ji Yaya, har da naɗe hannun riga.

"Ya mutu ko ya tsaya?"

Duk suka juya. Baba ne.

"Wace irin ƙara ya yi kafin nan, Auta?"

Ta duba shafin sama da ƙasa, marubucin bai damu da ƙara ba. Sai ta shara tata. "Kaf-kaf-kaf, sannan ya yi tari sau biyu."

"Baba, da tsafi fa yake aiki," in ji Yaya.

"To tsafin ta ina yake bi ya kai ga injin? Ba ta bututu ba? Bututun ne ya toshe." Ya juya kan Tela, wanda shi ne matuƙin jirgin. "Kai direba, yaushe rabonka da wanke filta?"

"Wallahi Baba ban san da ita ba."

"Haka kuke, duk halinku ɗaya! Ku kashe abu da ganganci, ku ce a sako sabo."

Auta ta kalli shafi sittin ɗinta, da taswirar sansanin 'yan fashi da ta zana da hannunta har da launi. Ita ce mai labari, kalma ɗaya za ta faɗa, ba ya gyaruwa, a wuce wurin. Gaskiya taswirar nan ta ba ta tausayi. Amma ga Baba ya matso bakin kujera, yatsunsa na motsi kamar suna laluben sifana. Ta miƙa masa ɗan lidon.

"Jefa mu gani, Baba. Biyar ko shida, ka gyara."

Ya jefa. Biyu.

Ta ɗauka zai koma wa bangonsa. Sai ji ta yi ya kece da dariya, irin wadda gidan ya manta da ita.

"Noti ya ƙi kwancewa ke nan! Haka suke yi in sun yi tsatsa. Direba, miƙo min guduma, ka haska min nan."

Tela ya ɗaga wayarsa ya haska ƙarƙashin tebur da gaske. Auta ta rufe littafin ta ture shi gefe. Sai da aka yi jifa bakwai ana zufa kafin injin ya tashi, 'yan fashi kuwa suna can suna jira har yau.

Da za a watse, Baba ya ɗauki littafin ya soke a hammata, ya karɓi fensirin Auta.

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa riƙe sifana ba, sai na duba masa sauran." Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Kafin Asabar kar wanda ya taɓa min injin nan."