Bakin Manu na Motsi

Zubaida ta murɗa sifikar har ƙarshe, ta kara kunne. Shiru. A allon kwamfuta mijinta Manu yana zaune da hularsa a karkace, bakinsa na motsi, yana nuna kyamara da yatsa.

Kwana talatin da tara ke nan da aka ɗauko gawarsa daga hanyar Zugu. Sana'arsa haɗa bidiyon biki ce a kasuwar Gummi. Kwana biyu kafin tafiyar da bai dawo ba ya sa wa kwamfutar sabon katin ƙara kyan hoto da ya aika aka sayo masa daga Sakkwato, hoto ya yi tar, sauti ya ɗauke. Bidiyon nan shi ne na ƙarshe da ya ɗauka. Gobe bayan sadakar arba'in ƙanensa Haris zai kwashe kayan shago da aka ajiye a ɗakinta zuwa Anka, ya ce zai goge komai. Zubaida tana so ta ji abin da Manu yake faɗa. A ranta wasiyya ce.

Rashida, yayar marigayin, ta ce ba lalacewa ba ce, mutum da muryarsa yake tafiya. Duk da haka ta turara kwamfutar, ta yi mata tofi ta wajen fanka. Da bai yi ba, ta yarda a kira Ɗanmusa mai gyara.

Sai dai Zubaida tana takaba. Rashida ta ce namiji ba zai shiga ɗakin ba, ba zai ga fuskarta ba, ba zai ji muryarta ba, kwamfutar kuma ba za ta fita ba sai an yi sadaka. Aka kifa wa Ɗanmusa turmi a bayan taga. Ya hau, ya juya wa ɗakin baya, yana kallon dangar maƙwabta. Shi zai faɗa, Rashida ta maimaita, Zubaida ta taɓa, ko da yake duk ukun suna jin juna sarai.

Ya sa aka cire wayar sifika aka mayar. Ya sa aka kashe aka kunna. Ya tambayi launin ramin da wayar take ciki. Zubaida ta raɗa wa Rashida cewa kore ne, Rashida ta ce masa marainiyar Allah ta ce kore, kuma ya ji tsoron Allah ya yi aiki. Maƙwabciya ta leƙo ta danga ta tambaye shi me yake kallo a gidanta. Ya rufe ido ya ci gaba.

Can ya tambaya inda wayar allo take a maƙale. Aka ce a jikin sabon abin, ƙasa.

"To shi ne ɓarawon, Inna," in ji Ɗanmusa. "Katin nan ya ƙwace sautin yana tura shi allo, allon kuwa ba ya da baki. Duk kwanakin nan mutumin magana yake, ba inda za ta fita."

Rashida ta ce Allah ya isa tsakaninta da katin.

Ya kwatanta ƙaramar alamar sifika a kusurwar ƙasa ta dama. Zubaida ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, kibiyar da yake ja a allo ta yi ta gudu mata. Da hannu biyu ta kai ta. Sunaye biyu suka fito da Turanci. Ya ce ta bar mai haske, ta danna ɗayan.

Muryar Manu ta cika ɗakin, har Ɗanmusa ya kusa faɗowa.

"Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Ana ji na? Kai, wanga abu. Ɗaya, biyu."

Gwajin sauti yake yi. Ya yi tari, ya gyara hula. Sai wayarsa da ke kan tebur ta yi ƙara, ya danna, wata murya ta shigo, Zubaida ta gane tata ce, tana cewa tuwo ya huce, in ya ga dama ya auri kwamfutar ya huta. Manu ya yi dariya ya ce, "Ga ni nan zuwa." Bidiyon ya ƙare.

Rashida ta zauna a bakin gado, ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga waje Ɗanmusa ya tambaya ko ya yi.

Zubaida ta ɗauko wayarta, ta danna wajen naɗar murya, ta kara a sifika, ta mayar da bidiyon zuwa farkonsa. Ya ƙirga, ya yi tari. Da aka zo wajen muryarta, ta murɗa sifikar ta kashe don kada wayar ta ɗauka, tana kallon bakinsa har ya buɗe da dariya, sannan ta kunna.