Murhun da ke Ƙasan Rami

"Ku tallafe kansa! Kansa na ce!" Zeytuna ta ɗaga murya, amma iska ta kwashe rabin maganar.

Mesfin, abokin aikinta na jami'a, da Momina mai dafa musu abinci suka shigo da tsohon cikin kogon da suke aikin tono da kyar. Kawu Jilo ne, ƙanen mahaifiyar Zeytuna, mai kula da dawakin ayarinsu. Ya jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun yi shuɗi. Dokinsa ne ya zame a mashigin rafi ya watsa shi cikin ruwan da ya fi ƙanƙara sanyi. Buhun filastar da ya ɗauko daga sansani kuwa, farin garin nan mai daskarewa kamar siminti, ya bi ruwa.

Zeytuna ce ta aike shi. Tun da hantsi ya dubi sama ya ce hadarin nan bai kwanta masa ba. Ta ce, "Haba Kawu, hadarin tsaunukan Bale ai kullum barazana ce." Ya ɗaura sirdi ya tafi, don bai taɓa iya ce wa 'yar yayarsa a'a ba.

Filastar ta murhu ce. Shekara da shekaru Zeytuna tana tona a tsaunukan nan, tana neman shaidar cewa tun zamanin da ake fiƙe dutse a yi wuƙa mutane sun zauna a wannan ƙololuwa, inda numfashi ma sai an yi ciniki. Manyan malamai sun sha yi mata dariyar ƙeta. Sai yau da safe, a can ƙasan ramin da ya kai mata wuya, buroshinta ya buɗe murhu: toka mai kaurin yatsa, da ƙonannun ƙasusuwan gafiyar dutse. Ba a kwasar irin wannan da cokali. Sai an ɗaure shi da filasta a ɗago shi ɗungurungum, a kai inda za a auna shekarunsa. Ƙwayar sabon gawayi ɗaya ta faɗa ciki, awon ya tashi a banza. Shi ya sa ko taba ba a sha a kogon.

Suka tuɓe wa tsohon jiƙaƙƙun kaya, suka naɗe shi da barguna. Zeytuna ta nuna can gefe, nesa da ramin.

"Adde Momina," ta kira ta da laƙabin girmamawa na yankin, "hura wuta a can."

"Yau kuma an halatta?" in ji Momina, tana tara busasshen kashin shanu.

Kogon suna kawai ya tara. Inuwar dutse ce mai faɗin baki, iska tana shiga ta fita yadda ta ga dama, ga ƙanƙara tana zuba kamar tsakuwa. Momina ta ƙyasta ashana, ta mutu. Suka kewaye ta da jikinsu, wutar ta ɗan leƙo, iska ta mare ta. Mesfin ya riƙe tamfol, iska ta fizge shi ta yi kwari da shi. Kwalin ashanar ya fara yin sako-sako.

"Kai, an gode Allah," in ji Mesfin. "Ya daina makyarkyata. Sauƙi ya fara samuwa."

Zeytuna ta san ba sauƙi ba ne. Mesfin ɗan birni ne, ita kuwa a gindin tsaunin nan aka yanke mata cibiya. Ta san in mai jin sanyi ya daina rawar jiki alhali bai ji ɗumi ba, to jikin ne ya sallama.

"Ramin nan naki kaɗai iska ba ta shiga," in ji Momina. "A saukar da shi, a hura masa wuta a ciki."

"A kan murhun?" Mesfin ya zaro ido. "Adde Momina, kin san abin da kike faɗa? Ƙasan ramin gaba ɗaya murhu ne, ko wurin sa ƙafa babu."

"Ni dai na san murhu don wuta aka yi shi, ɗan boko."

Mesfin ya juya ya ce, "Zeytuna, saurare ni. Ƙanƙarar nan ba ta daɗewa. Mu rungume shi, mu ɗan jira. In kika taka wurin nan, shi ke nan. Hoto ba ya faɗin shekaru. Wa zai yarda da ke?"

Ba ƙarya ya yi ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta tsaya a bakin ramin tana kallon da'irar tokar. Ta so ta jira. Wallahi ta so, har ta ji kunyar irin son da ta yi.

"Zafi," in ji Kawu Jilo can ƙasa-ƙasa. Yana ture bargon da hannun da ba ya jin maganarsa. "Ku cire min... Halima, zafi nake ji."

Halima sunan mahaifiyarta ne, wadda ta daɗe da rasuwa.

Zeytuna ba ta sake duban Mesfin ba. Ta kama tsani ta sauka. Takalminta ya nutse cikin tokar, ta ji ƙananan ƙasusuwa suna ruƙushewa a ƙarƙashinta, ta ji abin har cikin haƙoranta.

"Ku miƙo shi!"

Suka zuro shi a hankali, ta jingina shi da bango. Momina ta jefo kashin shanu. Mesfin ya taka katakon rariyar da suke tace ƙasa da ita, ya karya, ya miƙo mata guntayen. Ta tara su a tsakiyar da'irar. Ashana ɗaya ta ƙyasta, wutar ta kama.

Dukansu suka cunkushe a ramin, hayaƙi yana sa su hawaye, kowa da dalilinsa. Zeytuna ta rungume tsohon ta baya tana murza masa ƙirji. Momina ta ɗora butar kofi, ta jefa gishiri da ɗan man shanu, tana ta mita: tsoho da furfurarsa ya bi maganar yarinya, yarinya da digirinta ta fi ƙarfin hadari.

An jima, jikin Kawu Jilo ya ɗauki rawa, haƙoransa suna haɗuwa kaf-kaf. Zeytuna ba ta taɓa jin sautin da ya yi mata daɗi kamar wannan ba. Momina ta ɗura masa kofi kaɗan-kaɗan. Ya buɗe ido ya dubi wutar, ya dubi bangon ƙasar da ya kewaye su, da alama bai gane inda yake ba.

"Zeytu," ya ce, muryarsa tana karkarwa, "buhun nan ya kuɓuce min. Ki yi haƙuri, 'yata."

"Bar zancen buhu, Kawu."

"To abin naki fa? Abin da kika samu da safe, yana nan lafiya?"

Mesfin ya sunkuyar da kai. Zeytuna ta gyara wa tsohon bargo a kafaɗa, ta tura wani guntun katako cikin wutar.

"Yana nan, Kawu," ta ce. "A kansa kake zaune."