Yadda Na Zama Tururuwar Girkawa

Shekara ashirin da biyu na yi ina kokawar rufe fuska a birnin Guadalajara na ƙasar Meziko, kuma duk wanda ka tambaya a unguwarmu ta Tonalá zai ce maka ni zakara ne. Ni na gaya musu haka. Gaskiyar magana, aikina a filin kokawa shi ne a kayar da ni. Idan ana so a ɗaga sabon ɗan kokawa, sai a ce a kira Evaristo. Matata Herminia kaɗai ta sani, don ita ke gasa mini baya da ruwan zafi.

Da na daina, sai na buɗe shagon facin taya. A nan wata budurwa mai tabarau ta same ni wata Talata da hantsi, ba ta zo da mota ba, balle taya.

"Baba, kai ne Evaristo Quiñones, Bijimin Tonalá?"

Na shanye tumbina iya ƙarfina, na ce ni ne.

Ta ce sunanta Itzel Barragán, ita da abokanta suna haɗa wasan bidiyo a kan Girkawan dā da gumakansu. Suna neman wanda za a ɗauki motsin jikinsa a sa wa wasu mayaƙa da ake kira Mirmidon.

"Wata uku ina nemanka," in ji ta. "Na kalli tsofaffin faifanka duka. Ba wanda zai iya aikin nan sai kai."

Mai hankali da ya tambaye ta me ta gani a faifan. Ni kuwa sai na leƙa na ƙwala wa aminina Nicanor kira, mai sayar da kunun masara a gefen shagon, na ce ya zo ya ji da kunnensa.

Kafin yamma duk layinmu ya san an ɗauke ni jarumin Girkawa. Na bar gemu. Na rage tortiya, wainar masararmu, daga takwas zuwa shida. Herminia ta dube ni ina gwada tsayuwar jarumai da tsintsiya a tsakar gida, ta ce, "Tsoho, wane irin yaƙi ne wannan da sai an nemi mai tumbi?"

"Ke ba ki san tarihi ba," na ce. Ni ma ban sani ba.

Wurin aikin wani tsohon sito ne, an kewaye shi da kyamarori. Aka ba ni wata baƙar riga mai ɗame jiki daga wuya har ƙafa, an liƙa mata fararen ƙwallaye ƙanana, da wata hula irinta. Mutum biyu suka taimaka kafin zif ya hau. Na nemi makamaina, aka miƙo mini sandar goge-goge da murfin bokitin shara.

Itzel ta ce in ɗaga hannu in dubi allo. Sai ga wani ƙato mai sulken tagulla, ƙirji kamar ƙofar coci, ciki a shafe. Na ɗaga hannu, ya ɗaga. Na juya, ya juya. Saura kaɗan in yi hawaye.

Na ce, "Madalla. Amma 'yata, waɗannan ƙahonin na kansa ba su yi siriri ba?"

"Ba ƙaho ba ne, Baba. Irin tsinkayen nan ne na kan tururuwa."

Ta ba ni labarin. Wai annoba ta cinye mutanen wani tsibiri, sarkinsu ya roƙi babban gunkinsu ya ba shi jama'a, shi kuma ya mayar masa da tururuwa mutane. Su ne Mirmidon. A wasan, daga rami suke ɓullowa ɗari-ɗari, mai wasa yana sassare su.

"To ni ne sarkinsu ke nan?"

"A'a, Baba. Kai ne dukkansu."

"Wa ke kashe su?"

Ta nuna mini wata siririyar mai rawa, Citlali, tana zaune tana cin gwaiba. Tayar babbar mota ta fi ta nauyi. Sannan Itzel ta miƙo mini takarda shafi huɗu, duk hanyoyin mutuwa ne: mashi a ƙirji, kibiya a wuya, tsawa daga sama, zama dutse, faɗawa rijiya.

Na mutu sau talatin kafin azahar. A na talatin da ɗaya na tashi na cire hular, na ce ni ba a raina ni, na nufi ƙofa ƙwallaye na zuba a bayana. Zif ne ya hana ni fita, don ba zan hau bas a cikin rigar nan ba.

Itzel ta zo ta zauna kusa da ni da wayarta. "Kalli wannan, in ka ga dama ka tafi."

Wani tsohon wasana ne a rumfar kasuwa. Ban taɓa yarda na kalli kaina ba. Wani yaro ya ɗaga ni ya maka da ƙasa, na mirgina, na yunƙura kamar zan tashi, gwiwa ta ƙi, na miƙa hannu sama, na zube. Rumfar duka ta miƙe tsaye.

"Mun gwada samari huɗu," in ji ta. "Faɗuwa suke kamar buhun siminti, kowa na tsoron ya yi muni. Kai kuwa idan ka faɗi, sai mutum ya ji ya yi nasara, ya kuma ji tausayinka. Shi nake nema."

Na ce ta maimaita. Sau uku na kalla. Wallahi faɗuwa ce mai kyau.

Na mayar da hular. Na koya wa Citlali inda za ta dakata da sanda don a ga kamar ta huda ni. Har sababbin mutuwa na ƙirƙiro musu. Cikin kwana tara muka yi ɗari da arba'in. Ta ƙarshe ita ce wani dodo mai ido ɗaya zai take ni. Na yi tsalle na faɗi, bayana ya ce ƙas, ya riƙe da gaske. Na kwanta ina nishi ina "Wayyo Herminia!" su kuma suna ta tafi. Sai da na yi minti goma a ƙasa kafin wani ya gane ba wasa nake ba.

A unguwa ban gyara labarin ba. Duk wanda ya tambaya, sai in ce an hana mu magana.

Bayan shekara da rabi wasan ya fito. Nicanor ya aro na'urar wasan bidiyo ta surukinsa, ya fito da talabijin ƙofar shagona ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Herminia ta dafa farfesun akuya. Mutum ya fi arba'in.

"To mutumina, ina kake?" in ji Nicanor, ganin mace ce ta fito da takobi.

"Ka yi haƙuri, manya ba sa fitowa da wuri."

Sai ƙasa ta tsage, Mirmidon suka yi ta ɓullowa. Nicanor ya matsa kusa da allon, ya ƙanƙance ido.

"Kai! Wannan tafiyar agwagwa ai na san ta! Jama'a, ga Evaristo! Ga wani Evariston! Duka shi ne!"

Su wajen ɗari uku, kowanne na jan ƙafar dama yana turo ƙugu gaba. Dodon ya zo ya take ɗaya, sai muryata ta fito tar daga talabijin: "Wayyo Herminia!" Ashe ba su cire ba. Wani tsoho ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya.

Herminia ta goge hannu a zaninta, ta ce a ba ta abin dannawar. Ba ta taɓa riƙe shi ba. Sau uku mutanena suna gamawa da ita, ni kuma ina tsalle ina cewa, "Kun gani? Kun ga aiki?"

"Tsoho, rufe mini baki ka zo nan. Ta ina ake kama ka?"

Na yi niyyar in ƙi. Amma yadda take sara ba tsari ya dame ni, tana ɓata mini faɗuwa.

"Ki jira ya ɗaga mashi," na ce, na ja kujera kusa da ita. "Haƙarƙarinsa na hagu a buɗe yake. Yanzu! A'a, ba wannan maɓallin ba, na ƙasa!"

Ta danna. Mutumin ya juya sau biyu, ya dafe ƙirji, ya dubi sama, ya zube a hankali. Lamba sittin da bakwai ce, ni na ƙirƙiro ta. Jama'a suka yi ihu, Nicanor ya rungume ta, ni ko kallona bai yi ba.

"Akwai saura?" in ji Herminia, idonta na kan allo.

Na ce akwai da yawa. Ta ce to in je in juya farfesun kada ya kama.