Shasin Mota a Cikin Silin

Kuna zaune ranar da aka fasa bangon. Ƙurar har cikin shayinku ta faɗa a teburin bakin layi, kuka hure ta, kuka ci gaba da hira.

Maƙwabcina Baba Almu tsohon direban babbar mota ne, ya tsufa yana kai albasar Aliero kudu. Da ya ajiye tuƙi, sai ya so ya haɗe ɗakuna biyu su zama falo a gidansa na Sabon Garin Jega. Bangon tsakiyar kuwa shi ke ɗauke da rufin kankare. A madadinsa ya yanko ɓari ɗaya na shasin tsohuwar motarsa, dogon ƙarfen nan da ke ɗauke da jikinta. Tsawon bai kai ba, Munir mai walda ya yi masa ƙari a tsakiya, aka ɗora.

Na ce, "Baba, a bar shi a buɗe, injiniya ya duba waldar nan."

"Kai Nafi'u, boko ya ɓata ka. Ƙarhen da yak kai kaya Ikko ba iyaka?" Ya yi dariya. "In bar shi buɗe, baƙi su ce Almu na kwana ƙarƙashin mota?"

Aka lulluɓe shi da allon silin, aka shafa farin fenti.

Ƙyauren falon ne ya fara ƙin rufuwa. Sai matarsa Yalwa ta riƙa share wani farin gari kullum safiya, layi ɗaya miƙaƙƙe a kan darduma, daga bango zuwa bango. Aka ce mutanen ɓoye ne. Aka yi tofi, aka turara ɗaki.

Wata rana da zafin rana na same shi a falo, kishingiɗe a kan layin farin garin.

"Yi shiru," in ji shi. Sama ta yi wani siririn kuka. "Ka ji motar? Haka takan yi in mun hau gada. Ba ta saba da tsayuwa ba."

Da aka cire albasa, ya sa aka jibge buhunan a kan rufin. Bayan azahar ya shiga ya kwanta. Yalwa tana madafa. Ta ce kukan ne ya fara ɗaukewa, gidan ya yi tsit, har ta ji daɗi. Sai rufin ya rufta a kansa.

A zaman makoki kowannenku ya ce kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma shasi ɓari biyu ne, shi ya sa na ja Munir gefe.

"Ina ɗayan?"

"Baba ya bashe shi sadaka. Wata Islamiyya ta Maiyama, sunka faɗaɗa aji."

"Wacce?"

"Wallahi ban sani ba. Mota taz zo taɗ ɗauka."

Na je Maiyama. Duk ajin da na leƙa, yara na karatu, silin fari tas a samansu. Idan ɗanka na cikinsu, gobe ka raka shi da tsani. Ɓalle allon silin ɗaya ka duba.